Kafin Ka Sayi Jif: Nasiha Ga Matasanmu



Kwanakin baya wani ɗan ƙanena ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar. Da muka gaisa sai ya ciro waya ya nuna mini hoton wata baƙar jif, ya ce, "Baffa, in Allah ya yarda wannan zan saya da zarar kuɗina sun cika." Na tambaye shi ina zai riƙa zuwa da ita. Ya ce wurin aiki, da ɗaurin aure, sai kuma gida idan salla ta zo. Na tambaye shi kuɗin tayarta ɗaya, bai sani ba. Na tambaye shi man da za ta sha daga Kano zuwa Kaduna, ya yi shiru. Yaron kirki ne mai neman na kansa, kuma ban ga laifinsa ba, domin ya buɗe ido ne ya tarar jif ta zama shaidar cewa mutum ya isa. Hirar da muka yi da shi har magariba ita nake so in shimfiɗa muku, don na san irinsa suna da yawa a cikinku.

Na shafe fiye da shekara talatin ina aikin gona da haƙar rijiyoyi a karkara, kuma a kan irin waɗannan motoci na yi rayuwar. Na riƙe tsohuwar Land Rover, daga baya na riƙe Land Cruiser. Na kafe a laka, na kwana a daji, na kuma ga ranar da mota ta ceci rai. Abin da na koya shi ne, wannan mota dokin aiki ce. Wanda ya san don me aka yi ta, ya kuma ba ta haƙƙinta, zai ji daɗinta shekara da shekaru. Wanda ya saye ta don idon mutane kuwa, za ta cinye masa aljihu, wani lokaci har da rai.

Buƙata ce ta haife ta

A shekarar 1940, Yaƙin Duniya na Biyu yana ci a Turai, rundunar sojan Amurka ta nemi kamfanoni su ƙera mata ƙaramar mota marar nauyi, wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, da za ta ratsa inda babu hanya. Kwana 49 aka ba su su kawo samfuri. Wani ƙaramin kamfani mai suna American Bantam ne ya cika wa'adin, amma da yake ba shi da ƙarfin ƙera dubbai, sai aikin ya koma hannun Willys da Ford. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945 sun ƙera kimanin 640,000. Ita ce Jeep, kuma daga sunanta muka samo kalmar jif da muke kiran duk wata doguwar mota da ita a yau. Wannan uwar jif ba ta da ƙofa, rufinta tamfol ne, kujerarta ba taushi. Abin da aka nema a wurinta guda biyu ne: ta kai soja inda aka tura shi, in kuma ta lalace ya iya gyara ta da 'yan sifanun da ke hannunsa.

Bayan yaƙi, wani Bature mai suna Maurice Wilks, babban mai zayyana motoci a kamfanin Rover na Ingila, yana aiki da ragowar Jeep ɗin soja a gonarsa da ke tsibirin Anglesey na yankin Wales. Ganin amfaninta ya sa ya yi tunanin kamfaninsu ya ƙera wa manoma irinta. A lokacin ƙarfe ya yi ƙaranci, gwamnati ce ke rabon shi, sai suka yi jikin motar da alminiyam. Koren fentin da aka santa da shi ma ragowar na jiragen yaƙi ne. Ranar 30 ga Afrilun 1948 aka baje ta a kasuwar nunin motoci ta Amsterdam da sunan Land Rover, a kan fam 450. Rabinta mota, rabinta tarakta, har an yi mata wata kafa da za a ɗaura bel ta juya injinan gona. Kamfanin ya ɗauka zai ƙera ta na 'yan shekaru ne kafin kasuwa ta farfaɗo, sai ga shi ba a daina ƙera ita da zuriyarta a masana'antar Solihull ba sai ranar 29 ga Janairun 2016, bayan an yi fiye da miliyan 2.

Ita ce iyayenmu suka sani da Landiroba. A cikinta Di'o yake rangadi, a cikinta malamin gona da malamin dabbobi da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda suke isa ƙauyukan da ko burji babu. A garuruwa da yawa ita ce motar farko da yara suka taɓa bi da gudu.

A Japan kuma, cikin 1951, Toyota ya ƙera tasa don neman kwangilar rundunar tsaron ƙasar. Bai samu kwangilar ba, Mitsubishi aka bai wa. Amma a watan Yulin wannan shekara direban gwajin kamfanin, Ichiro Taira, ya hau da motar har zango na shida na dutsen Fuji, inda wata mota ba ta taɓa kaiwa ba. A 1954 aka raɗa mata suna Land Cruiser, domin sunan Jeep mallakar Willys ne. A ƙarshen shekarun 1950 ta shiga aikin manyan madatsun ruwa na tsaunukan Snowy a Ostiraliya, a nan ta fara yin suna a wajen gida. Samfurin 40 ya fito a 1960, samfurin 70 kuma a 1984, kuma har yau ana ƙera shi da siffarsa mai kusurwa-kusurwa, saboda masu haƙar ma'adinai da manoma da ƙungiyoyin agaji sun ƙi rabuwa da shi. A 2019 adadin Land Cruiser da aka sayar a duniya ya haura miliyan 10. Ƙanwarta Hilux ta fito a 1968, aka fara yin mai jan ƙafa huɗu a 1979.

Ku duba wannan tarihi da kyau. Soja, manomi, mai gina dam, ma'aikacin asibiti. Babu ɗaya cikinsu da ya nemi motar don a gan shi. Kujerun fata da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin a bayan kujera duk daga baya suka zo, musamman bayan fitowar Range Rover a 1970, lokacin da masu hali suka fara sha'awar doguwar mota a cikin gari.

Yadda na baya ya wuce na gaba

Akwai darasi a yadda Toyota ya karɓe kasuwar Afirka daga hannun Land Rover, kuma darasin ya wuce maganar mota. Land Rover ce ta riga kowa shigowa, ita ke da suna, ita ke da gwamnatoci. Amma a ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Rover ya narke cikin babban kamfanin British Leyland, wanda ya yi fama da yajin aiki da ƙarancin jari a shekarun 1970. Motar ta daɗe ba a inganta ta yadda ya kamata ba, masu saye suna jira wata da watanni. Japanawa kuwa suka riƙa tura injiniyoyinsu suna duba abin da ke karyewa a daji, suna komawa suna gyarawa, suna kuma tabbatar da kayan gyara sun isa kasuwa. Sannu a hankali direbobi suka yanke hukunci da aljihunsu.

Ni shaida ne. Tsohuwar Landirobata ta yi mini aiki, kuma har gobe ina ganin girmanta. Jikinta ba ya tsatsa, kuma babu ƙusar da ban iya kwancewa a cikinta ba. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: kullum da safe sai na duba baƙin mai, kuma ba na fita doguwar tafiya ba tare da sandar aksil ta baya a ajiye ba, don an san ta da karyewa idan an matsa mata. Da na koma Land Cruiser mai injin dizal 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, wanda aka fara yi a 1990, sai na ga bambanci. Ba ta da gudu, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya saboda laifin inji ba.

Kai mai ɗinki, kai mai walda, ke mai sayar da abinci, ku riƙe wannan. Tsohon suna ba ya riƙe ciniki. Abin da ke riƙe shi cika alkawari ne da sauraron koken mai saye.

Abin da hamada ta koyar

Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna wa duniya abin da waɗannan motoci za su iya. A 1987, zamanin Hissène Habré, sojojin Cadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka fuskanci rundunar Libiya mai tankoki da jiragen yaƙi. Abin hawansu a-kori-kurar Toyota ce, kimanin 400 da Faransa ta ba su, an girke wa wasu makamai masu fasa tanka. Suka karɓe garin Fada ranar 2 ga Janairu, suka karɓe sansanin Wadi Dum a watan Maris. Har yau ana kiran wannan yaƙi Yaƙin Toyota. Sai dai ku lura, motar ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Mutanen da ke cikinta 'ya'yan hamadar ne, sun san rijiyoyinta da duwatsunta da inda yashi ke ɗaukar nauyi da inda yake haɗiye taya.

Hamadar nan kuma ba ta yafe sakaci. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da ƙananan yara, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace a hanya, ƙishirwa ta ƙarasa su. Allah ya jiƙansu. Duk matashin da wani ya ce masa Hilux za ta fitar da shi daga Agadas ta kai shi Libiya lafiya, an cusa mutum ashirin ko fiye a bayanta kowa da jarkarsa, to ya tuna da waɗannan bayin Allah. Mota ƙarfe ce, kuma ƙarfe yana gajiya.

A hamadar Tenere akwai wata itaciyar ƙaya da ta daɗe tana tsaye ita kaɗai, babu wata kusa da ita, ayarin raƙuman gishiri suna shaida hanya da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya buge ta ya kayar. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Fili iya ganin ido, itaciya ɗaya tak, amma aka same ta. Faɗin hanya ba ya tsare direban da hankalinsa ba ya jikinsa.

Saye ba wuya, riƙo ne aiki

Kakanninmu sun san cewa kuɗin doki ba ya ƙarewa ranar da aka biya dillali. Akwai dawa, akwai harawa, akwai kanwa, akwai mai kula da shi. Haka jif take. Babbar jif mai injin fetur tana shan ninki biyu na abin da ƙaramar mota ke sha, a cunkoson gari ma fiye, kuma kun ga inda farashin mai ya kai tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Ƙaramar mota galan ɗaya na baƙin mai ya ishe ta, Land Cruiser ɗina kuwa kusan lita goma take ɗauka. Ban da wannan akwai man giya, da man ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, da man aksil biyu, da giris na farfela. Tayoyinta manya ne masu tsada, kuma biyar ake lissafawa, don wanda ya shiga daji ba safaya mai kyau ya yi ganganci.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce, wane aiki zan ba ta? In kana da gona a bayan fadama, ko kana kai magani da taki da siminti ƙauyuka, ko kana aikin rijiya ko safiyo, to motar za ta ciyar da kanta, har ta ciyar da kai. In kuwa daga gida sai ofis a kan kwalta, ƙaramar mota ta ishe ka, rarar kuɗin ka sa a sana'a ko fili ko karatun ƙannenka. Na ga samari da yawa sun ci bashi sun sayi jif, bayan wata shida tana ƙofar gida a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta, mai ita yana ɓuya wa masu binsa. Hausawa sun riga sun faɗa, kowa ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci. Shawarata ita ce, in kuɗinka daidai suke da kuɗin motar, ba ka isa sayenta ba tukuna. Ka bari sai kana da rarar da za ta canza taya da batir da duk mayukan da ke cikinta a makon farko, ba tare da tukunyar gidanka ta ji a jikinta ba.

Ranar saye

Yawancinku ta hannu za ku saya, ko 'yar Kwatano ko wadda aka yi aiki da ita a gida. Ka tafi da bakanikenka, wanda ka sani ka yarda da shi, kada ka dogara da wanda dillali ya kawo. Ka je da sassafe injin yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A tayar da shi a gabanka ka dubi salansa. Shuɗin hayaƙi alamar injin yana ƙona baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa yana iya nufin ruwa na shiga inji. Baƙi kuma yawanci mai ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan.

Kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali. Ka shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashinta. Ƙarfin irin wannan mota yana cikin shasinta ne, wato ƙarfen nan mai kama da tsani da aka ɗora jikin a kansa. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, sukan ruɓe daga ƙasa alhali sama yana sheƙi. Ka ƙwanƙwasa, ka nemi tabon walda, ka dubi inda mai ke tsatsafowa. Ka fita da ita kan turɓaya ka sa giyar ƙafa huɗu, babba da ƙarama, wadda direbobinmu ke kira ogzilari, ka tabbatar tana shiga tana fita. Jif da yawa da ke yawo a gari an cire musu farfelar gaba don ɓoye wata matsala, mai saye bai sani ba sai ranar da ya kafe.

Ka gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da abin da ke cikin takardun kwastan. Ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma juyin da ake yi a gareji da walda ya sha kashe mutane idan ya saki ana cikin gudu. Sannan kafin ka biya, ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar kayan gyara mafi kusa da kai, ka tambayi kayan wannan samfurin. Motar da sai an yi wata biyu ana jiran kayanta daga waje ba ta dace da mai neman abinci ba, komai arhar da aka yi maka. Araha ba ta ado.

Haƙƙin mota a kanka

Maƙiyan injin mota a ƙasarmu uku ne: ƙura, zafi da gurɓataccen mai. Da hunturu ka riƙa buɗe matatar iska kana dubawa, in ta toshe ka canza. Ka sayi mai a inda ka yarda da shi, musamman in motarka sabon samfurin dizal ce mai aiki da kwamfuta, domin ruwa kaɗan a cikin mai ya isa ya lalata nozul da famfo, kuɗinsu kuwa ba kaɗan ba ne. Lagireto ka zuba masa ruwan da aka yi domin shi. Ruwan rijiya yana tara tsatsa da gishiri ya toshe hanyoyin. Kada ka yarda a cire maka abin da ke daidaita zafin inji da sunan wai ƙasarmu da zafi, waɗanda suka ƙera motar sun san hamada. Kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba tana fashewa a zafin kwalta.

Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a mota, kana rubuta ranar da ka yi juye da kilomitar da take. Ka koyi canza taya, da fanbel, da matatar mai da hannunka. Ka riƙe bakanike ɗaya, ka girmama shi, ka biya shi haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Mai yawon gareji yana neman mai arha shi ne ya fi kowa kashe kuɗi a ƙarshe.

Ga kuma ƙofar arziki ga wanda bai da aikin yi. Tsofaffin makanikanmu sun ƙware a injin da ake gyarawa da kunne da sifana, amma motocin yanzu sai an jona musu na'ura ta karanta ciwonsu. Matashin da ya yi karatu, ya kuma durƙusa gaban tsohon bakanike ya koyi aikin hannu, sannan ya haɗa da sanin na'ura, ba zai rasa abinci ba a kowane gari.

A bayan sitiyari

Ƙafa huɗu na taimaka wa mota ta tashi ta wuce inda wata za ta kafe, amma ba ta rage nisan da za ta yi kafin ta tsaya idan an taka birki. Nauyinta ma ƙara nisan yake yi. Tsayinta kuma, wanda ke sa ta tsallake kwazazzabo, shi ne ke sa ta saurin kifewa idan an karya kwana da gudu ko an fizgi sitiyari don kauce wa rami, balle an lafta mata kaya a kan rufi. Jif nawa muka gani a gefen titi ƙafafu a sama? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ka ɗaura bel, ka sa na bayanka ma su ɗaura.

Hilux da Land Cruiser samfurin 70 da ire-irensu ba a sa musu ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin tayoyin gaba da na baya suna buƙatar ɗan zamewa, in ba su samu ba sai giya ta ɗaure ta ci kanta. A yashi ka rage iskar taya don ta shimfiɗu, ka tafi da ƙarfi ɗaya ba fizga, in ka fito ka mayar da iskar. In ka ji ta fara nutsewa ka ɗaga ƙafarka daga totur, domin kowane juyi rami yake ƙara haƙa maka. Ka sauka, ka haƙe gaban tayoyin, ka shimfiɗa itace ko tabarma.

Ruwa kuwa shi ne babban abin tsoro. Da damina kada ka shiga rafin da ba ka san zurfinsa ba. Ka tsaya, ka tambayi mutanen wurin, ka ga inda ruwan ya kai wa mai tsallakawa da ƙafa. In yana gudu da ƙarfin da mutum ba zai iya tsayuwa a ciki ba, to mota ma tafiya zai yi da ita. Na taɓa kwana a bakin wani rafi tare da yarana na aiki muna jiran ruwa ya janye, da safe muka wuce lafiya. Wani da ya iso bayanmu da daren ya ƙi jira, injinsa ya shaƙi ruwa a tsakiya, da ƙyar mutanen gari suka fitar da shi da igiya. In inji ya mutu a cikin ruwa kada ka sake murza makulli, ƙarasa shi za ka yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin doguwar tafiya ka ɗauki ruwan sha fiye da yadda kake zato, da shebur, da jak, da igiya mai ƙarfi, da famfon iska. Ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa. Ka tambayi halin tsaron hanyar, ka guji tafiyar dare, domin a wannan zamani babbar mota tana jan idon miyagu. Idan ana jan motar da ta kafe, kowa ya matsa nesa, igiyar da ta tsinke tana kisa. In ka lalace a inda babu mutane, ka zauna kusa da motarka, ita masu nema za su fara hangowa. Addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Darajarta ta gaskiya

In aka tambaye ni ranar da na fi jin daɗin mallakar mota, ba na dogon tunani. Wata damina ce a wani ƙauye da muke haƙa rijiya, cikin dare aka buga mini ƙofa, wata baiwar Allah ta kwana biyu tana naƙuda. Hanyar ta zama taɓo, babu motar da ta shiga garin tun mako guda. Muka shimfiɗa katifa a baya, na sa ƙaramar giya, samarin gari suna gaba da fitila suna nuna mini inda ƙasa ke da ƙarfi. Muka isa asibiti da asuba. Ita da jaririn duka suka rayu. Duk kuɗin taya da mai da na taɓa kashewa, a wannan dare na ga ribarsu.

Don irin wannan aka yi motar. Saboda haka in Allah ya ba ka ita, ka rage gudu idan ka shigo ƙauye, kada ka bule mutane da ƙura ko ka watsa wa mai tafiya a ƙasa ruwan kwata. Kada ka ratsa gonar talaka don motarka na iyawa, shukar da ka taka abincin gidansa ne. Kada ka danne masu babur da masu keke don ka fi su tsawo. In ka tarar da wani ya kafe, ka tsaya ka ja shi, gobe kai ne a wurin.

'Ya'yana, ban ce kada ku so abu mai kyau ba. Ku so shi, ku yi aiki ku same shi ta halal. Amma ku fara gina sana'ar da za ta ɗauki nauyin motar, ku sayi wadda aikinku ke buƙata, ku koyi halinta, ku kula da ita, ku tuƙa ta da tsoron Allah da tausayin mutane. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba ku abin hawa mai albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Amin.